Bindigar Kakanni da Tsatsar Kudu



Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa, wani abu ne da ya faru a unguwar nan bayan Babbar Sallah, wanda da yawanmu mun ji labarinsa. Ana gyaran rufin wani tsohon ɗaki da ya daɗe yana yoyo, sai aka ci karo da doguwar bindigar toka naɗe cikin buhu a bayan akwati. Ta kakan masu gidan ce, wanda ya rasu shekaru da dama. Wani saurayi a gidan ya goge bayanta da tsumma, ya ga ƙarfe ya ɗan yi haske, ya samo albarushi ya ɗura, wai zai buga ta ranar ɗaurin auren abokinsa. Da ya ja kunama, sai bututun ya tsage a hannunsa. Allah Ya taƙaita, rai bai fita ba, amma yatsu biyu sun tafi. Da muka je dubiya asibiti aka nuna mana gutsuren ƙarfen, cikinsa duk ramuka ne kamar icen da gara ta ci.

Ba mun kawo wannan don mu tona asirin kowa ba ne. Yaron ɗanmu ne, Allah Ya ba shi lafiya. Abin da ya dame mu shi ne, mun gaji kayan amma ba mu gaji ilmin riƙe su ba. Don haka muka ga ya dace mu waiwaya, mu ga daga ina wannan ƙarfe ya zo hannun Bahaushe, yaya magabata suka yi fama da tsatsa, kuma me ya rage a wuyanmu yau.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, amma ba ita ce makamin farko ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci bindigogi cikin kayan da wani basarake mai suna Dagaci ya zo da su daga Barno zamanin Sarki Dauda, a ƙarni na 15. A Barno kuwa, Imam Ahmad bin Fartuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma, a ƙarshen ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka koya wa harbi. Waɗannan ta hamada suka biyo. Daga baya hanya ta juya. Zamanin Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi ta hannun Nufawa, wato daga Kudu. Babba Zaki kuma, daga 1768 zuwa 1776, shi aka ce ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron jikin sarki.

To ku lura da wannan, domin ya shafe mu. Tun kusan shekara ɗari uku da suka wuce, bindigar da ke isa Kano daga bakin teku take tasowa. Turawan ciniki suna sauke ta a gaɓa, ta ratsa ƙasar Yarbawa, ta haye Kwara a Nupe, sannan fatake su ƙarasa da ita Arewa. Doguwar nan da muke kira bindigar toka, wasu su ce adaka, masu barkwanci su ce harba-ka-ruga, Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Danmak ne, saboda 'yan kasuwarsu da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana. Amma da yawa daga cikinta a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su, kuma ƙirar araha ce, an yi ta ne don kasuwar Afirka. Ƙarfenta ba mai kyau ba ne tun asali. Saboda haka ko tana sabuwa, mai ita yana harbi yana addu'a.

Wannan na cikin dalilan da suka sa a zamanin jihadi da bayansa, manyan mayaƙa ba su ɗauki bindiga da daraja ba. Doki da takobi da mashi su ne na barade, baka da kwari na dakaru. Bindiga yawanci a hannun bayin sarki take. Ga wahalar ɗuri, ga tsadar albarushi, ga shi idan ruwa ya taɓa ta ta zama sanda. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 ta fara samun gindin zama. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zindar. Rabe kuma, da ya ci Barno a 1893, ba da yawan dawaki ya ci ta ba, da 'yan bindiga masu horo ne. Amma kafin sarakunanmu su farga, Turawa sun riga sun rufe ƙofa. A taron da suka yi a Birasil ta Beljiyam a 1890, sun ƙulla cewa ba za a riƙa sayar wa mutanen wannan yanki bindigar zamani ba, sai dai tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Da haka aka tari 1903: Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a ranar 15 ga Maris, sannan Burmi a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Allah Ya jiƙan mazan jiya.

Yanzu bari mu zo kan tsatsa, tunda ita ce ta kawo mu.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. Idan gishiri ya shiga tsakani, abin ya ƙara sauri. Albarushin da kuwa haɗin gawayi ne da farar wuta da wani irin gishiri. Idan aka harba, ba duka yake ƙonewa ya fita ba, yana barin baƙin dauɗa manne a cikin bututu. Wannan dauɗa tana jan laima daga iska kamar yadda gishirin miya yake jiƙewa a kwano da damina. Da ta jiƙa sai ta fara cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani. Shi ya sa za ka ga bindiga bayanta sumul, cikinta kuwa ya ruɓe. Abin da ya yaudari ɗanmu ke nan. Ya duba waje, ita kuwa cutar tana ciki.

A Arewa Allah Ya sauƙaƙa wa masu ƙarfe. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara rani da hunturu, iska busasshiya. Takobi zai yi shekara a rataye bai nuna komai ba. Can abokin gabar bindiga ƙura ce, da bushewar da ke tsaga icenta. Amma nan Ibadan, kowa ya san yadda abin yake. Ruwa yakan fara tun wajen Maris, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo har Oktoba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba, iskar a jiƙe take. Masu sayar da wuƙaƙe da kwado da kwanon rufi a cikinmu shaida ne. Mahauta ma sun sani, wuƙar da aka kwana ba a shafa mata kitse ba, da safe ta yi ja. To duk Bahaushen da ya sauko da ƙarfe daga Arewa, sai da ya sake koyon riƙonsa.

Muna yara akwai wani tsoho a unguwar nan, maharbi ne tun daga gida, ya zo da rakiyar shanu ya zauna. Mun sha zama muna kallonsa idan ya dawo daga daji. Ba ya cin abinci sai ya gama da bindigarsa. Da farko zai zura sandar ɗuri ya tabbatar babu komai a ciki. Sai ya sa a tafasa masa ruwa, ya toshe 'yar kafar da wuta ke shiga da tsinke, ya tsiyaya ruwan zafin a bututu, ya girgiza, ya zubar. Ruwan farko baƙi ƙirin yake fita, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Haka zai yi ta yi har ruwa ya fito fari. Mun taɓa tambayarsa, “Baba, ba ruwa ne ke kawo tsatsa ba?” Ya yi dariya ya ce ruwan sanyi ke kwana, ruwan zafi ba ya kwana. Gaskiyarsa kuwa. Ruwa ne kaɗai ke narkar da gishirin nan, mai ba ya narkar da shi, sai dai ya lulluɓe shi. Zafin kuma yana sa ƙarfe ya bushe da kansa nan da nan.

Bayan haka sai ya naɗa tsumma a kan sanda ya yi ta zurawa yana canzawa har tsumma ya fito fes. Ya share 'yar kafar da gashin kaza. Sannan ya lakato man kaɗanya kaɗan, ya shafe ciki da waje, har icen. Kaɗan fa, ba ya cikawa, domin ya ce mai idan ya yi yawa yana kashe albarushi, yana kuma tara ƙura. Ba ya yarda da man da aka sa wa gishiri, ba ya yarda da man da ya daɗe ya yi tsami. Idan ya gama ba ya ƙara taɓa ƙarfen da tafin hannu, da tsumma yake ɗauka, don zufa ma gishiri ce. Ba ya jingine ta a ƙasa, ba ya barin ta kwana cikin kuben fata da damina, saboda fata tana riƙe laima. Rataye ta yake yi a sama, ɓangaren da ɗumin murhu ke kaiwa, nesa da hannun yara, albarushi kuma a wani wuri daban. Ko bai fita farauta ba, duk Juma'a kafin ya yi wanka sai ya sauko da ita ya duba. Wannan tsoho bai san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma duk abin da masana ke faɗa yau yana cikin aikinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Yarbawa ma'abota bindiga ne tun kafin mu kafa Sabo. Garin nan kansa sansanin yaƙi ne asalinsa. Yaƙin da Ibadan ta gwabza da haɗakar Ekiti da Ijesha daga 1877 zuwa 1893 ana kiransa Kiriji, an ce daga ƙarar bindigogi sunan ya samo asali, musamman sababbin da Ekiti suka samu ta hanyar Ikko. Maharbansu da maƙeransu suna da ƙungiyoyi da dokoki masu ƙarfi, kuma suna girmama ƙarfe ta hanyar addininsu na gargajiya. Mu ba mu bi su a wannan ba, amma a wajen gyara, maharban Hausawa sun amfana da maƙeran garin nan ƙwarai. Idan kunama ta saki ko ice ya tsage, wurinsu ake kaiwa. Maƙeri na kirki kuma idan ya leƙa bututu ya ga ya yi ramuka, zai ce maka wannan ta gama aiki, ka rataye ta ado.

Akwai kuma wata hanya ta biyu da ilmin goge bindiga ya shigo mana, ita ce aikin soja. A 1863 Gwamna Gulofa na Ikko ya tara wasu Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ya ba su kaki da bindiga. Daga wannan 'yar runduna sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa. An kai su yaƙin Ashanti a 1873 zuwa 1874, an yi yaƙin Ijebu da su a 1892. Da Ibadan ta sa hannu a yarjejeniya da Ingila a 1893, Kyaftin Bawa, wanda hasumiyarsa ke tsaye a kan dutsen Oke Are har gobe, da sojan Hausa ya zauna a garin nan. Wannan tarihi ne mai ɗaci da zaƙi, domin irin wannan runduna ce Lugga ya faɗaɗa daga 1897, har aka juya bakin bindigarta zuwa Kano da Sakkwato. Ba ma ɓoye shi. Amma ya nuna mana cewa tun kafin a yanka mana wannan fili a 1916, akwai Hausawa a Kudu waɗanda goge bindiga ne aikinsu na kowace safiya.

A bariki ba a wasa da tsatsa. Kullum akwai fareti na duba makami, hafsa ya leƙa bututu ta hasken rana, idan ya ga ɗigon ja, soja ya shiga uku. Mazan jiya da suka je yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, waɗanda wasunsu suka ƙare rayuwarsu a nan suna gadi ko ƙaramin ciniki, sun ba mu labarin ruwan ƙasar, wanda ya fi na nan nesa ba kusa ba. Bindigarsu tana da ɗan rami a gindi, inda ake ajiye 'yar kwalbar mai da igiya mai nauyi a baki. A zura igiyar, a ɗaura ƙyalle, a ja ta cikin bututu. Bayan harbi kuma a zuba tafasasshen ruwa, domin harsashin wancan zamani ma yana barin gishiri. Kun ga ashe dabarar tsohon maharbinmu da ta sojan Ingila ɗaya ce. Ɗaya daga cikin waɗannan dattawa yakan ce mana, a daji soja yana iya kwana bai wanke ƙafarsa ba, amma ba ya kwana bai goge bindigarsa ba.

To me ya faru ilmin ya ɓace? Abubuwa ne suka taru. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano bayan shekara goma, daga baya manyan motoci suka karɓe, sai rakiyar shanu da goro a ƙasa ta ragu, ayari ya daina buƙatar ɗan bindiga. Dazuzzukan da ake farauta suka zama unguwanni. Doka ta ƙara tsauri, musamman dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ce tushen hukunci. Tsofaffi suka yi ta rasuwa, 'ya'yansu 'yan kasuwa ne da direbobi da 'yan canji, ba ruwansu da daji. Amma ba a zubar da bindigogin ba. Wani don tunawa da mahaifi, wani don tsoron ranar tashin hankali, tunda mu baƙi ne kuma mun ga abubuwa, sai aka naɗe su a buhu ko leda aka tura ƙarƙashin gado ko cikin rufi. Babu wurin da ya fi waɗannan cutar da ƙarfe a ƙasar nan. Leda tana tara gumi, buhu yana shan laima, rufi yana yoyo. Shekara ashirin a haka, abin da ke ciki ya tashi daga makami ya koma tarko, kuma mai riƙe da shi yake fara kamawa.

Har kalmar ma ta lalace a bakinmu. Da, idan aka ce 'yan bindiga, ana nufin bayin sarki masu ado da ke buga bindiga a hawan Sallah, ko a sanar da ganin wata. Yau idan ka ji 'yan bindiga a rediyo sai gabanka ya faɗi, ka fara kiran gida kana tambayar lafiya.

A matsayinmu na masu ɗan tsayawa gaban sahu idan liman ba ya nan, dole mu faɗi abin da addini ya ce. Ƙarfe ni'ima ce, har sura guda ta ci sunansa a Alƙur'ani, kuma Allah Ya tausasa shi ga Annabi Dawuda, alaihis salam. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Idan an yi wannan tsanani a kan kibiya, ina ga abin da ke tarwatsewa a tsakiyar taron biki, ga mata ga yara? Makami amana ne. Wanda ba zai iya kula da shi ba, bai kamata ya ajiye shi ba.

Saboda haka ga roƙonmu, kuma mun tattauna shi da wasu dattawa kafin mu rubuta.

Duk gidan da ya san akwai tsohuwar bindiga a ajiye, maigida ya san inda take, kada ya bari yara su riga shi ganowa. Kada kowa ya ɗauka babu komai a cikinta. Mutanen da sukan ajiye ta a ɗure, kuma albarushi yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Kada a leƙa bakinta, kada a kai ta kusa da wuta, kada a ce za a gwada. Wadda ta yi shekaru ba a duba ba, a ɗauka ta mutu, ko da bayanta yana walƙiya. Man keke ko baƙin mai da za a shafa mata yanzu ba zai mayar da ƙarfen da tsatsa ta riga ta cinye ba.

Na biyu, maganar doka. Riƙe bindiga ba lasisi laifi ne babba a ƙasar nan, kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa ai ta toka ce, ko ai gado ce. Mu da ke zaune a garin mutane mun fi kowa sanin cewa laifin mutum ɗaya a kan unguwa duka yake faɗawa. A samu Sarkin Hausawa da masu unguwa, su shige gaba a yi magana da 'yan sanda, wadda za a miƙa a miƙa cikin mutunci. Wanda yake son ya ajiye ta tarihi, ya nemi izini, a kashe ta yadda ba za ta sake tashi ba.

Na uku, 'yan'uwanmu maharba da 'yan sintiri waɗanda hukuma ta san da su, ku koma ga tarbiyyar magabata. A wanke ranar da aka harba, ba gobe ba. A busar sosai, a shafa mai kaɗan, a ajiye a busasshen wuri mai kulle, babu ɗuri a ciki. Da damina a riƙa dubawa kowane mako.

Na ƙarshe, 'yan tsofaffin da suka rage a cikinmu waɗanda suka ga wancan zamani, a je a zauna da su a ɗauki labari tun suna da rai. Ɗalibanmu na Islamiyya da na boko ga aiki nan. Wa ya zo da bindigar gidanku, daga wane gari, ta wace hanya? Mu muna ganin wannan labarin ya fi ƙarfen daraja a wajen jikoki. Duk wanda ya samo wani abu ya kawo wa masu wannan mujalla, in Allah Ya yarda za a buga.

Allah Ya ba ɗanmu lafiya, Ya jiƙan iyaye da kakanni, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.